Yadda Ake Karanta Tarihin Farashin Hannun Jari A Harkar Magani Da Lafiya

A shekarar 2002 kasuwar hannun jari ta Najeriya ta buɗe reshe a Yola, bayan rassan da take da su a Kaduna, Fatakwal, Kano, Onitsha, Ibadan da Abuja. Ba a daɗe ba aka shiga zamanin da bankuna da kamfanoni suka riƙa tallar hannun jari a rediyo da jaridu, musamman tsakanin 2005 da 2007. Ma'aikata sun saya, 'yan kasuwa sun saya, har da waɗanda suka karɓi kuɗin sallama suka zuba. Shi ya sa har gobe za ka shiga gida a Mbamoi ko Jimeta ka tarar da satifiket a ƙasan akwati, mai shi ya tsufa ko ya rasu, sai a bugo wa ɗan da ke Agege ko Sabon Ibadan waya a ce: "Kai da kake kusa da su, duba mana nawa abin nan ya kai."

Su kuma matasa tasu ta waya ce. Ana turo musu hoton layi yana hawa sama, a ce wannan asusun kamfanonin magani ne na Amurka, wanda ya saka kaza shekara goma da suka wuce yau ya zama kaza. Da mai tsohon satifiket da mai sabuwar waya duk abu ɗaya suke kallo, wato tarihin farashi. Abin da ya kamata a fara riƙewa shi ne, farashin da ke jere a jadawali ba shi ne ribar mutum ba. Kafin ka san ko an ci ko an faɗi, sai ka haɗa shi da wasu abubuwa guda huɗu: kuɗin da aka raba, ƙarin hannun da aka bayar, darajar naira, da yawan cinikin da aka yi.

Mene ne asusun zuba jari na lafiya?

Duk wanda ya san lodin tirela ya san tsarin. Mutum biyar ko goma su haɗa kuɗi, a sayi shanu a Ngurore ko Mubi, wakili ɗaya ya rako su Kudu, in an sayar a cire kuɗin mota da na hanya da ladan wakili, saura a raba gwargwadon abin da kowa ya saka. Asusun zuba jari na haɗaka haka yake, sai dai maimakon shanu, manajan asusun hannun jarin kamfanoni yake saye. Idan an ce asusun na lafiya ne, ana nufin kamfanonin da ke cikinsa masu haɗa magani ne, da masu ƙera na'urorin asibiti, da masu binciken sababbin magunguna, da asibitoci, da kamfanonin inshorar lafiya.

Irin waɗannan asusun sun fi yawa a Amurka. Vanguard Health Care Fund ya fara a 1984, T. Rowe Price Health Sciences Fund a ƙarshen 1995, BlackRock Health Sciences Trust kuma a 2005. A Najeriya galibin asusun da ake sayarwa na gauraye ne, siminti da abinci da sadarwa duk a kwando ɗaya, don haka mai son harkar magani kawai yakan sayi hannun kamfanonin kai tsaye a kasuwar NGX da ke Legas. Daga cikinsu akwai May & Baker Nigeria, wanda ya fara aiki tun 1944; da Neimeth, wanda asalinsa reshen Pfizer ne kafin ma'aikatansa su saye shi a 1997; da Fidson, mai masana'anta a Sango-Ota, wanda ya shiga kasuwa a 2008; da MeCure, wanda ya shigo a Nuwamban 2023.

Farashi iri biyu ne, kada a haɗa su

Na farko shi ne darajar kowane kaso. Manaja zai lissafa duk abin da asusun ya mallaka a ƙarshen yini, ya cire bashi da kuɗin hidima, ya raba da yawan kason da ke hannun mutane. A misali, asusu na da kadarar naira miliyan 500, ana bin sa miliyan 20, kaso kuma miliyan 4 ne. Ka cire 20 daga 500, saura 480. Ka raba gida miliyan 4, kowane kaso ya tashi naira 120. A takardun Turanci wannan ne ake rubutawa NAV. Sau ɗaya ake fitar da shi a yini. Shi ya sa in ka buɗe tarihin asusu irin na T. Rowe Price a intanet za ka ga farashin buɗewa da na rufewa da mafi tsada da mafi araha duk lamba ɗaya ce. Ba kuskure ba ne.

Na biyu shi ne farashin kasuwa. Wasu asusun, irin na BlackRock da aka ambata, ana cinikinsu a kasuwar New York kamar hannun kamfani. Nan mai saye da mai sayarwa ne ke yanke farashi, kuma yana iya haura ainihin darajar kason ko ya gaza ta. Kason da darajarsa dala 40 ce ana iya sayar da shi 37 in masu saye sun yi ƙaranci, ko 43 in ana rububinsa. Wanda ya saya lokacin rububi ya biya fiye da abin da ke cikin kwandon.

A gida kuma, asusun haɗaka yakan nuna farashi biyu: wanda za a sayar maka, da wanda za a karɓa daga hannunka. Na biyun shi ne kuɗinka na gaskiya in yau ka ce a ba ka. Hukumar SEC, mai kula da harkar hannun jari, tana wallafa darajar asusun da ta yi wa rajista a shafinta duk mako.

Ginshiƙan jadawali

Jadawalin tarihi, na NGX ne ko na waje, kusan tsarinsa ɗaya:

Kwanan wata. A kula, Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana. 03/05/2008 a wurinsu 5 ga Maris ne, a wurinmu 3 ga Mayu. Ranakun Asabar, Lahadi da na hutu ba sa fitowa don ba a ciniki.

Buɗewa da rufewa. Farashin da aka fara da shi, da wanda aka tashi a kai. Na rufewa shi ake kawowa a labarai.

Mafi tsada da mafi araha. Iyakar inda farashi ya kai sama da ƙasa a wannan yinin. A NGX akwai ƙa'idar da ta hana hannu ya hau ko ya sauka fiye da kashi 10 cikin 100 a yini ɗaya. Idan ka ga kwana uku ko huɗu a jere yana faɗuwa kashi 10 cif-cif, to labari ne babba ya fito, ƙa'idar ce ta sa faɗuwar ta zo da kaɗan-kaɗan.

Yawan ciniki. Hannu nawa aka saya aka sayar.

Farashin da aka gyara. Wannan shi ake rubutawa Adj Close a shafukan waje. Shi ne ginshiƙin da mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ya fi kusa da gaskiya, domin an lissafa rabon riba da ƙarin hannu a cikinsa. Lambar da ke ciki ba ita aka biya a ranar ba. An mayar da ita baya ne don kwatance ya yi daidai.

Abu na farko: kuɗin da aka raba

Wanda ya sayi saniya shekara biyar da suka wuce, in zai yi lissafi, ba kuɗin saye da na sayarwa kawai zai duba ba, sai ya haɗa da nonon da aka tatsa. Rabon riba shi ne nonon hannun jari. Ranar da aka rufe rajistar masu karɓar rabo, farashi yakan sauka daidai abin da za a raba, tunda kuɗin sun bar kamfani sun nufi aljihun masu hannu.

A asusun Amurka wannan ya fi fitowa fili a watan Disamba, lokacin da suke raba ribar hannayen da manaja ya sayar a cikin shekara. Mu koma misalinmu: kaso na naira 120, aka raba 15, washegari jadawali ya nuna 105. Wanda bai sani ba zai ce an yi asarar kashi 12 da rabi cikin dare ɗaya. Ba asara ba ce, 15 ɗin na hannunsa. Haka asusun da ke raba kuɗi duk wata, layinsa zai iya shekara goma kamar a kwance, amma mai shi yana ta karɓa.

Sai dai a tuna da haraji. A Najeriya ana cire kashi 10 daga rabon riba kafin ya iso ka. Ɗan Najeriya da ke da hannu a Amurka kuwa, kashi 30 ake cirewa. Kuma rabon da ba ka karɓa ba bai zama naka a aikace ba. Masu tsofaffin satifiket da yawa adireshinsu ya canza, takardun rabon sun yi ta komawa. Magani shi ne a je wurin magatakardan kamfanin a cike fom ɗin biyan rabo ta banki, a kuma sa dillali mai rajista ya shigar da satifiket ɗin cikin rumbun CSCS.

Abu na biyu: ƙarin hannu

Wani lokaci kamfani yakan ce duk mai hannu huɗu an ƙara masa ɗaya kyauta. Kana da 1,000 a kan naira 10, wato 10,000. Bayan ƙari kana da 1,250, farashi kuma ya koma naira 8. Har yanzu 10,000 ce. Kamar ka ba da dubu ɗaya a ba ka ɗari biyar-biyar guda biyu ne. Jadawalin da ba a gyara ba zai nuna faɗuwa daga 10 zuwa 8, alhali ko kwabo bai ɓace ba.

Akasin haka ma na faruwa: kamfani ya dunƙule hannu goma ya mayar ɗaya, farashi ya tashi daga kwabo 50 zuwa naira 5 a rana guda. Mai kallon layi zai ce an yi arziki, amma yawan hannunsa ne ya ragu. Don haka lambar da ke jikin tsohon satifiket ba lalle ita ce yawan hannun da gidan yake da shi yau ba. Magatakarda ne kaɗai zai ba ku lambar gaskiya.

Abu na uku: naira da dala

Nan ne lissafin mutane da yawa ke karyewa. Ma'aunin kasuwar hannun jari ta Najeriya gaba ɗaya, wanda aka fara da maki 100 a 1984, ya kai maki 66,371 a ranar 5 ga Maris 2008. Daga nan ya rufto, cikin shekara ɗaya ya koma wajen 20,000. Bai sake taka wancan matsayi ba sai ƙarshen Agustan 2023. Shekara goma sha biyar ke nan.

To amma ko an dawo ɗin da gaske? A farkon 2008 dala ɗaya wajen naira 118 ce. A Agustan 2023 tana wajen 770 a farashin hukuma. Naira miliyan ɗaya a 2008 kusan dala 8,500 ce. Miliyan ɗayar a 2023 ba ta wuce dala 1,300 ba. Ko an ƙara rabon ribar da aka karɓa a tsakani, giɓin na da faɗi. Ba sai an je ga dala ba ma: ka tambayi kanka buhun masara nawa miliyan ɗaya ke saye a kasuwar Jimeta a 2008, nawa take saye yanzu. A Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a lissafin hukuma. Hannun da ya hau kashi 20 a irin wannan shekara, a takarda riba ce, a kasuwa ragi ne.

Ga mai asusun waje kuma abin juyawa yake. Kason dala 100 kafin a saki naira a Yunin 2023, a kan 460, naira 46,000 ne. Da dala ta kai 1,500 a 2024, ko da kason ya sauka zuwa dala 90, a naira ya zama 135,000. Wanda ya nuna maka hoton a naira zai ce asusun ya ninka kusan sau uku. Asusun faɗuwa ya yi, naira ce ta fi shi faɗuwa. Ranar da naira ta farfaɗo kuma, wannan ribar za ta iya narkewa. Kullum ka tambaya: layin nan da wane kuɗi aka zana shi?

Abu na huɗu: yawan ciniki

Wasu ƙananan kamfanonin lafiya a NGX sukan yi makonni farashinsu bai motsa ba. Ba ƙarfi ba ne, rashin masu ciniki ne, kuma kasuwar ba ta canza farashi sai an yi cinikin adadi mai kauri. Idan jadawali ya ce naira 5 amma hannu ɗari biyu kacal aka sayar a yinin, kai kuma kana da 200,000, ba tabbas za ka sami mai ɗauka a wannan farashin. Dillalan shanu sun san wannan: kuɗin da aka taya sa ɗaya da safe ba shi za a ba ka in ka sauke tirela uku da yamma ba.

Abin da ke motsa farashin kamfanonin magani

Layi ba ya hawa ko sauka haka kawai. Duk babban tsalle akwai labari a bayansa, kuma aikin mai karatu ne ya nemo shi.

A 2020, da cutar korona ta shigo, Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 100 na rance ga ɓangaren lafiya, hankali ya koma kan masu haɗa magani a gida. Hannun Neimeth ya ninka fiye da sau uku a wannan shekarar. Wanda ya ɗauki 2020 kaɗai ya nuna maka, zai sa ka zaci haka ake yi duk shekara.

GlaxoSmithKline ta Najeriya, mai Panadol, darasi ne na daban. A 2013 uwar kamfanin ta Ingila ta taya hannun 'yan Najeriya naira 48 don ta ƙara kasonta, aka yi ta ja, ta janye. A 2016 aka sayar da sashen Lucozade da Ribena ga Suntory. A Agustan 2023 kamfanin ya ba da sanarwar rufe harkarsa, aka biya masu hannu naira 17.42 a kan kowane ɗaya, sannan aka cire sunansa daga kasuwa a farkon 2024. Wanda zai kwatanta 48 da 17.42 sai ya fara haɗa duk abin da aka raba a tsakani, ya kuma tuna kamfanin 2023 ya fi na 2013 ƙanƙanta. Mai tsohon satifiket ɗin GSK kuwa ba zai ga farashinsa a jerin yau ba. Kuɗinsa zai bi ta wurin magatakarda.

Ficewar irin waɗannan kamfanoni ta buɗe wa na gida kasuwa, amma tsadar dala ta matsa musu, tunda galibin sinadaran haɗa magani daga Indiya da Sin ake shigo da su. A Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan umarnin ɗage harajin shigo da kayan haɗa magani na shekara biyu. Duk waɗannan suna da sawu a jadawali.

A Amurka kuma abubuwan da ke kaɗa farashi su ne amincewar hukumar FDA da sabon magani ko ƙin amincewarta, da ƙarewar haƙƙin mallakar magani wanda shekara 20 ne, da siyasar farashi, kamar dokar 2022 da ta ba shirin Medicare damar yin ciniki da kamfanoni kan kuɗin wasu magunguna. Amfanin asusu a nan shi ne kamfani ɗaya in ya faɗi ba ya tafiya da kuɗin duka. Amma tunda duk 'yan gida ɗaya ne, doka ɗaya tana iya taɓa su gaba ɗaya.

Dabarun masu talla

Wanda ya zaɓi ranar farawa shi ya zaɓi labarin. Ka fara layi daga Maris 2009 ko Maris 2020, lokacin da kasuwa ke ƙasa, kowane asusu zai fito kamar gwani. Ka fara daga Maris 2008, labari ya sha bamban. Nemi a nuna maka shekara ɗaya, biyar, goma, da kuma tun farkon asusun.

Sannan faɗuwa da tashi ba awo ɗaya ba ne. Abin da ya sauka daga 100 zuwa 50 ya faɗi kashi 50, amma kafin ya koma 100 sai ya hau kashi 100.

Mafi haɗari shi ne layin da ba ya taɓa sauka. Babu kasuwar gaskiya mai irin wannan tarihi. MMM a 2016 da CBEX a 2025 duk lambobi masu daɗi suke nuna wa mutane a waya har ranar da aka nemi kuɗi aka rasa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Kafin ka tura sisi, duba sunan dillalin ko manhajar a jerin waɗanda SEC ta yi wa rajista, ka kuma duba farashin a shafin NGX ko na manajan asusun da kanka. Hoton da aka turo a WhatsApp ba hujja ba ne.

Halal, zakka da gado

Sana'ar magani halal ce, amma wannan bai wadatar ba. Masu tantance hannun jari a shari'ance suna duba yawan bashin ruwa da ke kan kamfani da abin da yake samu ta hanyar ruwa, kuma asusun lafiya na waje yakan ƙunshi kamfanonin inshora irin wadda malamai da yawa ba su yarda da ita ba. A gida akwai ma'aunin NGX Lotus Islamic da aka fara a 2012, da asusun Lotus Halal Equity ETF da ya shiga kasuwa a 2014. Ba na lafiya zalla ba ne, amma jerin kamfanonin da ke cikinsu na nuna waɗanda suka tsallake tantancewa a lokacin, kuma jerin yana canzawa.

Wurin zakka da gado ne tarihin farashi ke da amfani na kai tsaye. Mai fitar da zakka yana bukatar farashin ranar da shekararsa ta cika, ba na ranar da ya saya ba. Masu rabon gado kuma suna bukatar yawan hannu na gaskiya, da farashin ranar da za a kimanta, da rabon ribar da ya taru ba a karɓa ba. Idan ɗan'uwa ɗaya zai riƙe hannun ya biya sauran, a rubuta ranar da farashin da aka yi amfani da shi a gaban shaidu, don kada bayan shekara biyu farashi ya tashi zumunci ya lalace. Hukuncin kansa kuwa a kai wa malami ko alƙali tare da waɗannan lambobi.

Kafin ka yanke shawara

In aka miƙo maka jadawali, bi waɗannan a jere. Tabbatar da cikakken sunan asusun ko kamfanin, don sunaye na kama da juna. Gano ko darajar kaso ce ko farashin kasuwa. Duba kuɗin da aka yi lissafi da shi. Nemo rabon riba da ƙarin hannun da aka yi tsakanin ranar saye da yau. Duba yawan ciniki. Cire ladan dillali, kuɗin manaja da haraji. Abin da ya rage ka auna shi da tsadar kaya a tsawon wannan lokacin.

Idan ka gama, abin da ke hannunka labarin jiya ne kawai. Su kansu manajojin asusu suna rubutawa a ƙasan takardunsu cewa abin da ya wuce ba lamuni ba ne ga abin da zai zo. Kuɗin haya, na makaranta da na jarin shago ba su ne na wannan harka ba. Shi kuma satifiket ɗin da ke akwati a Mbamoi, a ɗauki hotonsa gaba da baya, a nemi magatakardan kamfanin, a fara daga nan.